Hannun Matar da ke Cikin Zane

An ce wai a zamaninsa babu idon da ya kai na Farfesa Bawa Ɗantsoho sanin zanen Turawan da. Shi ne ya faɗi haka da bakinsa, ya ƙara da cewa shekara talatin bai taɓa kuskure ba.

Jakada Sule ya rasu ya bar wa matarsa, Hajiya Ladidi, zanen wata mata mai farin lulluɓi a kan allon katako, wanda ya sayo a yankin Filandas na ƙasar Beljiyam. Farfesa ya duba, ya rubuta shaida cewa aikin wani gwanin birnin Antwaf na can ne, shekara ɗari huɗu da suka wuce. Aka kira Malam Ilu mai fentin manyan motoci, wanda ya saba yi wa gidan ƙananan gyare-gyare, ya haɗa akwati. Aka aika zanen gidan gwanjo a Turai.

Masu gwanjo suka haska shi da fitilar bincike, suka mayar da shi. Suka ce babu takardar asalinsa, kuma rabinsa fentin gwangwani ne.

Farfesa ya ce, “To ba wannan na gani ba. An musanya. Wa ya haɗa akwatin?”

Aka kama Ilu. Ya yi wa 'yan sanda bayani, ba wanda ya rubuta. Wata biyar yana tsare kafin maganar ta zo gaban Alƙali Sambo Kurfi. Nan ma Farfesa ya kalli allon ya ce jabu ne, ko makaho zai gane.

Alƙali ya ɗaga shari'a. Bayan mako guda ya sa aka shigo da allo lulluɓe da karan-miski, ɗan sanda na gaba, ɗan sanda na baya. Ya ce, “Farfesa, a taimaki kotu. Idan wannan ne na ainihin, ina alamar gwanin?”

Farfesa ya ga karan-miski, ya ga 'yan sanda, ya gyara tabarau.

“Allah ya gafarta Malam, shi ne! Dubi hannun nan nata, dubi yadda ƙaramin yatsa ya lanƙwashe. A Afirka kaf ba a haifi mai iya wannan ba.”

Alƙali ya ce, “Allon makon jiya ne. Mayafi kawai na saya masa. Malam Ilu, me ka faɗa wa 'yan sanda?”

Ilu ya ce, “Rufi ne ya yi yoyo, ruwa ya cinye rabin matar. Marigayi ya ce in cike. Ban san yadda hannun Baturiya yake ba, sai na zana na tsohuwata. Turmi ne ya karya mata yatsan. Ina tsare ta rasu.”

Aka sallami Ilu. Ya tarar an ba wani rumfarsa.

Farfesa ya rubuta maƙala a kan wahalar tantance zanen Filandas, aka gayyace shi taro a ƙasar waje. Hajiya Ladidi kuwa ta cire warwaronta na zinariya ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta sayar, ta biya kuɗin jirgin allon, zuwa da dawowa. Ta sa aka kai wa Ilu zanen, tunda hannun na mahaifiyarsa ne.

Masu hankali suka ce: mutumin da bai taɓa kuskure ba, a bincika, akwai wanda yake biyan kuɗin kuskurensa.