Hoton Zacharias

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Mpape, sunansa Ebenezer. Ya iya aiki, sai dai zuciyarsa ba ta san jira ba.

Wata safiya Christina ta shigo shagonsa, idanunta sun kumbura. Mijinta Zacharias ya rasu, gobe za a binne shi a ƙauye, kuma motar 'yan'uwa na jiranta a tashar Jabi. Hotonsa mai kyau guda ɗaya tak yana cikin tsohuwar kwamfutar Ebenezer.

"Yanzun nan, madam," in ji shi.

Ya kunna. Allo ya yi baƙi, wani ɗan rubutu na ta juyawa. Ya ja tsaki, ya kashe, ya sake kunnawa. Haka dai. Wayar Christina sai ƙara take yi.

Gumi ya karyo masa. Ya kira Nabilah, mai gyaran da ta haɗa masa kwamfutar.

"Oga Eben, ka taɓa wani abu a cikinta?"

"Wani fili na gani babu komai a ciki, na goge."

"Kash! Swap ke nan. In aiki ya yi wa ƙwaƙwalwarta yawa, a wannan filin take sauke kaya. Yanzu nemansa take yi. In ta gaji da nema za ta tashi da kanta. Ka dai bar ta."

"Ni za ki koya wa kwamfutata?" Ya katse wayar.

Ya buga tebur, ya zare wayar wuta ya mayar, ya leƙa waje ya dawo. Ya sake kai yatsa zai kashe, sai Christina ta riƙe masa hannu.

"Ɗan'uwa, don Allah bari. Na yi watanni a bakin gadon asibiti ina jiran mutum ya buɗe ido. Wannan ba jira ba ne."

Ya janye hannunsa. Ya zauna.

Wayarta ta sake ƙara, ta kife ta a cinya. Ebenezer bai sake kai hannu ga kwamfutar ba.

Can sai allo ya yi haske.

Ya buɗe hotunan. Ga Zacharias cikin farar riga, yana dariya har haƙoransa a waje. Christina ta kai yatsa ta shafi fuskarsa.

"Ka gan shi," ta ce a hankali. "Haka nake so yara su tuna da shi."

Kafin ya gama wanke hoton, motar ta tashi. Ebenezer ya rufe shago, ya ɗauko babur ɗinsa ya goya ta, suka bi bayan motar har suka cim mata a Zuba.

A hanyar dawowa ya biya shagon Nabilah, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

"Na zo ba ki haƙuri. Kuma ki nuna mini yadda ake mayar da filin nan."

Darasi: Gaggawa ba ta rage tafiya, ƙara ta take yi. Kada ka goge abin da ba ka san amfaninsa ba, kada kuma girman kai ya hana ka jin wanda ya sani. Ku tura wa wanda kuka san hannunsa na riga tunaninsa.