Tahiru da Akuyar Habbanaye

Akwai wani yaro a wani ƙauye da ke gefen Cadakori, sunansa Tahiru. Shekarunsa goma sha shida, yana karatu a kolej, kuma gidansu ko tunkiya babu. Babansa manomi ne mai rufin asiri, abin da aka noma shi ake ci.

Amma yaron nan, jama'a, kansa yana ja. Tun yana ƙarami, in ka tambaye shi me zai zama, ba ya cewa likita ko jandarma. Cewa yake mai kiwo da sayar da dabbobi.

Kuma bai tsaya a faɗa da baki ba. Ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa kafin ya gama kolej sai ya mallaki dabba tasa ta kansa, ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba. Ranar kasuwa, in babu lakol, wato makaranta, sai ya tafi kasuwar dabbobi ya tsaya kusa da dillalai, ya ga yadda ake buɗe bakin rago a duba haƙora, ya ji yadda ake taya ciniki. Da kaka kuwa, duk inda aka cire wake yana nan yana taya aiki, ladansa a ba shi harawa. Ya ɗaure ta dami-dami ya jibge bisa rumfa, don ya lura cewa abin da ake watsarwa da kaka shi ake nema ido rufe da rani.

Abokinsa Kabiru, wanda ya bar lakol ya kama kabu-kabu, yana ɗaukar fasinja da moton yayansa, kullum sai ya tsokane shi.

“Alhajin awaki! Kana tara abincin dabba, ina dabbar take? Ko kai za ka ci?”

Tahiru sai dai ya yi dariya ya ce, “Tana tafe.”

To, a ƙauyen akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo Kubra. Kakanninta makiyaya ne da suka zo daga arewa suka zauna, kuma har yau tana riƙe da al'adarsu ta habbanaye. Yadda abin yake, mai dabba zai ba marar dabba aron akuya. Ka kiwata, in ta haihu ta yaye, ɗiyan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. In kuma ta mutu a hannunka da ciwo ko wani abu daga Allah, ba a biya, ba a ma tada zancen.

Gwaggo ta daɗe tana kallon harawar nan bisa rumfa. Wata rana ta aika aka kira shi, ta miƙa masa igiyar wata jar akuya mai sheƙi, irin ta Maraɗi.

“Ungo, maigidana,” ta ce, don haka take tsokanarsa. “Tunda ka tara tuwo babu mai ci, ga mai ci na kawo maka.”

Wayyo, ku zo ku ga murna! Yaron nan ya riƙe akuyar kamar ƙanwarsa. Kafin ya tafi lakol ya ba ta ruwa da dusa, in ya dawo ya share mata wuri. Allah ya taimake shi ta haifi ɗiya mace, ja wur kamar uwarta. Wannan ɗiya ita ce jarinsa kaf a duniya. Har ya gama shirya yadda za ta haihu, ya sayar da ɗan bunsuru ya sayi ɗan rago ya turke.

Ɗiyar ta fara cin dusa, saura kaɗan a yaye ta a mayar wa Gwaggo uwar. A nan ne tsautsayi ya faɗa, kuma abin haushin, tattalin nan nasa da muke yabo shi ya ja masa.

An yanke dawa a gonar babansa, sai aka yi wani ruwan ƙarshe, gyauro ya tsiro daga kututturen dawar, kore shar. Tahiru ya duba gyauron, ya duba sabuwar harawarsa da yake son ajiyewa sai rani in ta yi tsada. Ya ce a ransa, ga ci kyauta, me zai sa in taɓa ajiyata? Ya sha jin manya suna cewa gyauron dawa yana kashe dabba, amma ya ɗauka shanu ake nufi. Ya bar ɗiyar a gida, ya ɗaure uwar a tsakiyar gonar, ya ruga lakol saboda ya makara.

Da azahar ya dawo ya tarar da ita kwance, ciki ya kumbura, kumfa a baki. Ko yankawa ba a samu yi ba.

Ya durƙusa a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Kabiru ne ya biyo ta hanyar da moto ya gan shi, ya taya shi suka ja ta bayan gona suka binne. Kabiru ba mugu ba ne, tausayin abokinsa ya ji. Ya dafa shi ya ce:

“Ka saurare ni. Wa ya ga inda ka ɗaure ta? Ni kaɗai, ni kuwa bakina ƙanin ƙafata. Ka ce ciwo ne ya kama ta. Habbanaye ba a biya, ɗiyar taka ce halak malak.”

“Amma ba ciwo ba ne, Kabiru.”

“To sai mi? In ka faɗi gaskiya ta amshe ɗiyar, wahalar shekara guda ta tashi a banza. Tsohuwar nan tana da awaki cike da garke, kai kana da mi?”

Ni dai da na ji labarin nan na tambayi kaina, da ni ne a shekarunsa, me zan yi? Wallahi ban da tabbas. Kalma ɗaya ce kawai tsakaninsa da jarinsa, kuma al'ada ma tana bayansa.

Da la'asar Tahiru ya ɗaura wa ɗiyar igiya, ya ja ta tana kuka tana turjewa har ƙofar Gwaggo Kubra. Ya tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Ya gaishe ta.

“Lafiya, maigidana? Ina uwar?”

“Gwaggo, ta mutu.”

Tsohuwar ta yi salati. Sannan ta ce, “Allah ya mayar da alheri. Mai rai ai ba ya wuce kwanansa. Koma da ɗiyarka, ba ka da laifi.”

Kun ji fa, ko tambayarsa ba ta yi ba. Ƙofa ta buɗe masa, abin da ya rage kawai ya juya ya tafi. Sai ya ƙi motsawa.

“Ina da laifi, Gwaggo. A gyauron dawa na ɗaure ta. An sha faɗi ina ji, rowar harawata ta sa na yi. Ni na kashe miki akuya. Ga ɗiyar na kawo a madadinta.”

Gwaggo ta ajiye gyaɗar. Kada ku ɗauka rungume shi ta yi, a'a, wanke shi ta yi tas.

“Gyauro? Kai da kake yawon kasuwa kana buɗe bakin raguna, ba ka san abin da ke shiga bakin ba? Harawar don wa ka tara ta? Akuyar nan uwatta ni na kiwata, kakatta ma ni na kiwata!”

Hawaye suka zubo mata, don ta so akuyar nan ƙwarai. Tahiru yana durƙushe, kansa a ƙasa, bai kawo uzuri ko ɗaya ba.

Da ta huce ta ce, “Miƙo igiyar.”

Ya miƙa. Ta amsa ta riƙe gam, ta ce, “Ka yarda yanzu tawa ce?”

“Taki ce, Gwaggo.”

“Madalla. Tun ina yarinya nake ba da habbanaye. An sha zuwa a ce mani kura ta ci, a ce ciwo ne, wani ma a kasuwa na hangi akuyata bayan ya ce ta mutu. Ban taɓa ganin wanda ya tako da ƙafarsa ya ce shi ya kashe ba sai kai.”

Sai ta kamo hannunsa ta danƙa masa igiyar.

“Na ba ka aronta. Ka kiwata, in ta haihu ɗiyan naka, ita ka maido mani. Saura kuma in ji ka yi mata rowa.”

A hanya ya gamu da Kabiru. Ganin ɗiyar a hannunsa, Kabiru ya washe baki ya ce, “Ka ga abin da na gaya maka! Ta bar maka abinka.”

“Ba tawa ba ce,” in ji Tahiru. “Ta Gwaggo ce. Tawa ba a haife ta ba tukuna.”

Haka yaron nan ya koma farko, ya yi asarar shekara cur. Bai bar lakol ba, bai bar zuwa kasuwa ba. Sai dai ya ƙara wa kansa wani buri: duk ranar da likitan dabbobi ya zo rigakafi, yana biye da shi yana tambayar abin da dabba ke ci da abin da ke kashe ta.

Gwaggo kuwa bakinta bai yi shiru ba. A bakin rijiya, a gidan suna, ko'ina labarin Tahiru take bayarwa. Kafin babbar Sallah matan ƙauyen suka fara kawo masa ragunansu ya turke musu a raba riba, don sun san in wani abu ya faru za su ji gaskiyarsa. Harawar rumfa ta yi rana.

Ɗiyar nan ta girma ta haifi tagwaye, mace da namiji. Ranar da ya yaye su, Tahiru ya wanke uwar, ya sa mata sabuwar igiya, ya kai ta gidan Gwaggo da rai da lafiya, ta yi ƙiba har tana tafiya da ƙyar. Tsohuwar ta shafa bayan akuyar, ta dube shi, ta rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka fito ba takalmi.

Darasi: Matashin da ke son zama mai sana'ar kansa ya sa wa kansa buri tun yau, ya koyi sana'ar ciki da waje, ya yi tattali, amma ya sani amana ita ce jarin farko, kuma ana gane ta ne ranar da ƙarya za ta fi sauƙi. Ku tura wa ƙannenku da 'ya'yanku su karanta, wataƙila akwai wani Tahiru a gidanku.