Ranar da Aka Aurar da Alkamar Sarki Tunau

An yi wani sarki a wata ƙasa ta gabas, can bayan tsaunuka, ana ce da shi Sarki Tunau, wanda Allah ya jarrabe shi da son abu biyu, taliya da tsari. Taliyar ba ya cin ta sai ta wata alkama mai tauri, mai launin zinariya, wadda saboda ƙauna ya raɗa mata suna Gimbiya. Son tsarin kuwa ya kai shi ga kafa doka cewa kada a shuka wata alkama sai ita, kuma a tuge alkamar daji, wata gajeriyar ciyawa mai gashi buzu-buzu da ke fitowa a gindin duwatsu, domin tana ɓata wa gonaki kyan gani. Duk wanda aka same ta a huruminsa, hukuncinsa kora.

Waziri Gambo ne ya zartar da dokar, ya kuwa zartar da ita ko'ina, in ban da gindin wani dutse a bayan gidansa. A nan ya fara ganin matarsa Tasalla shekara talatin da suka wuce, tana cire gashin ciyawar daga zanenta tana tsaki, kuma har yau bai ji sautin da ya fi wannan tsakin daɗi ba. Sai ya kewaye wurin da katanga, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ana nan, wata shekara tsatsa ta faɗa wa alkama. Da yake gonakin duk iri ɗaya ne, cutar ba ta sami mai tare ta ba, ganye ya yi ja tun daga gabas har yamma. Sarki ya yi kwana arba'in yana cin tuwon dawa yana hararar kowa, sa'an nan ya ce, "Waziri, na ba ka kwana bakwai ka kawo mini yadda za a raba Gimbiya da wannan bala'i. In ka gaza, rawaninka ya koma kan Sarkin Fada, wanda na lura ya daɗe yana auna shi da ido."

Waziri ya koma gida ya kasa cin abinci. Tasalla ta ja shi bayan katanga, sai ga alkamar daji kore shar, ko ɗigon ja babu.

Ta ce, "Malam, Gimbiya gata ne ya yi mata yawa. Wannan kuwa ba mai ba shi ruwa, ba mai yi masa noma, ya saba da kowace cuta. A aurar masa da ita."

Ya ce, "Tasalla, in na ambace shi a fada, na tona wa kaina asiri. Kora ce fa."

Ta ce, "To, sai a kore mu tare. Da ma ban taɓa ganin bayan tsaunin nan ba."

Ran kwana na bakwai Waziri ya shiga fada, Tasalla na biye da shi da tukunya a lulluɓe. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo neman auren Gimbiya."

Sarki ya ce, "Waziri, tuwon dawa ya taɓa ka ne? Wa kake nema wa?"

Tasalla ta yaye mayafin, sai ga alkamar daji a cikin tukunyar. Sarki ya zabura ya ce, "Wannan ƙazamin? Ko aski bai sani ba! Wane ne ubansa?"

Sarkin Fada ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, a fara tambayar inda aka samo shi, alhali an hana."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "A bayan gidana, Allah ya ba ka nasara. Na saɓa wa doka, ba ni da wata hujja face a wurin na fara ganin wannan baiwar Allah."

Sarki yana son dokarsa, amma ya fi son taliya. Ya ce an jingine hukunci, sai dai ba ya aurar da 'ya ba tare da binciken asali ba. Aka tura alƙali ƙauyuka, ya zauna da tsofaffin manoma, ya dawo ya ce, "Shaidu sun tabbatar daga cikin wannan ciyawa kakanninmu suka zaɓo iri, suka yi ta renonsa har ya zama Gimbiya. Nasabarsu ɗaya, auren zumunci ne."

Sarki ya gyara zama ya ce, "Da ma na ga kama a wajen zangarniya."

Da lokacin fure ya yi, Tasalla ta ɗauki hantsaki ta cire 'yan zaren da ke ɗauke da garin fure daga zangarniyar Gimbiya, ta kaɗa mata garin ango, ta ɗaure da ƙyalle don kada wani ya yi shisshigi. Sarki ya sa aka raba goro, ya kuma hana dariya.

'Ya'yan fari ba su kamu da tsatsa ba, amma sun fito gashi buzu-buzu, taliyarsu kuma kamar igiya. Sarki ya tauna, ya tauna, ya ce, "Sun kwaso dangin uba."

Tasalla ta ce, "Allah ya ja zamaninka, gidan sarauta ba a koyonsa a shekara ɗaya."

Ta yi ta sake aurar da su cikin dangin Gimbiya, kowace kaka tana ware masu lafiyar uba da kyan uwa, Waziri na riƙe mata ƙyallaye, Sarkin Fada na ƙirga shekaru. A ta shida tsatsa ta dawo. Sauran gonakin Gimbiya suka yi ja, jikokinta suka tsaya kore. Aka murza taliya, Sarki ya cinye akushi uku, sa'an nan ya sa aka tara jama'a.

Ya ce, "An saɓa wa doka, lalle a kori mai laifi. Na duba na ga ba Waziri ne ya kusa halaka mu ba, dokar ce, saboda haka ita na kora." Ya bar wa Waziri rawaninsa, ya naɗa Tasalla Magajiyar Iri, ya umarce ta da ta tara kowace irin alkama, ta gida da ta daji, mai kyau da mummuna. Sarkin Fada kuma aka ba shi aikin gadin gindin dutse.

Da suka fito suka bi ta gindin dutsen, gashin ciyawar ya maƙale a zanen Tasalla, ta yi tsaki, Waziri ya rage sauri don ya ji da kyau.

Sarki mai adalci ba ya korar wani daga ƙasarsa don muninsa ko talaucinsa, domin bai san ranar da rayuwar masu gata za ta rataya a wuyan wanda aka raina ba.