Ranar da Dutse Ya Faɗo wa Tsamiyar Kura

Ku matso ku ji. Wannan labari ba na dariya ba ne, ni kaina ba na son ba da shi.

A garin Tsamiyar Kura an yi wasu aminai uku: Jatau makiyayi, Barmo mai gina rijiya, da Cindo makaɗi.

Jatau ne ya fara lura da wani tauraro da ba ya tafiya tare da 'yan'uwansa, kullum sai ƙara girma yake yi, har ya kai ana ganinsa da rana. Ya gane kansu ya nufo. Ya nuna wa Barmo bayan wani tsauni inda za a fake. Da abin ya matso, ya bi gida-gida yana roƙo kada kowa ya tafi cin kasuwar nesa ranar, don a tsira tare. Suka zauna.

Barmo ya nemi a taya shi haƙa ramin ɓuya a can, aka yi masa dariya, wai zai binne kansa da ransa. Ya ji haushi ƙwarai. Ya haƙa rami mai zurfi, mai ɗaki a gefe, amma daidai mutum uku. Ya ce wanda ya yi dariya ya je ya haƙa nasa.

Da la'asar sama ta yi ja, rana ta dushe. Cindo ya buga ganga don jama'a su gudu bayan tsaunin, ko gindinsa ya kare su. To, mutanen garin sun saba, in wata ya kamu, a fito da ganguna da kwanuka a yi ta bugu har a sake shi. Suna jin gangar, sai suka zaci rana ce ta kamu, kowa ya ɗauki kwano ya nufi fili. Cindo yana ihu, ƙarar kwanuka ta danne muryarsa. Wata mata ta miƙa masa jaririyarta, ta ce, “Riƙe min Tasalla, Cindo, in ɗauko faranti.”

Ya ruga da ita. Jatau ya ja su cikin ramin, Barmo ya rufe bakinsa. Sai tauraron ya faɗo.

Da suka fito, babu gari, babu fili, babu ko gawar da za a yi wa sutura. Toka kawai, da wani rami da ya fi garin faɗi. Suka yi kuka har muryarsu ta ƙare.

Su ukun suka reni Tasalla a wata ƙasa. Da ta girma suka faɗa mata komai, ba su ɓoye ba. Ba don idon Jatau ba, da ramin Barmo, da hannun Cindo, da ba ta rayu ba. Amma Jatau ne ya hana uwarta zuwa kasuwa, Barmo ya ƙuntata ramin, gangar Cindo kuma ita ta fito da uwar fili.

Tasalla ta ce ɗaya za ta kira Baba, ɗaya kuma ba za ta sake gaishe shi ba har ta mutu.

To, jama'a, wa za ta kira Baba, wa kuma za ta daina gaisarwa?