Jaririya Ɗaya, Takwara Uku

To, ku gyara zama, mai rediyo ya kashe rediyonsa, don yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A wani gari da ke hayin rafi an yi wani mai faci, sunansa Tanimu. Mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, sai dai yana da ciwo guda: da zarar tsoro ya kama shi, bakinsa ba linzami, sai ya hau rabon alkawari kamar goron biki. Matarsa Lantana ta daɗe a ɗaki ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, har dangi suka gaji da tambaya. Ran da aka ce masa rabo ya zo, don murna ya tsaya yana ba tayar wani iska yana washe baki har ta fashe.

Da ciki ya tsufa, ƙafafun Lantana suka kumbura suntum, fuska ta cika, kai yana sara. Tsofaffin gida suka ce ai wannan alamar tagwaye ce. Tanimu ya ɗauka, har ya fara amsa Baban Biyu a bakin tasha. Ita kuwa Lantana ta daina zuwa awo, wai takalmi ya ƙi shiga, kuma tana jin kunyar a gan ta haka. Malama Suwaiba, ungozomar ƙaramin asibitin garin, da ta ga shiru sai ta ɗauki abin awon jininta ta bi ta har gida. Tana ɗaura mata a hannu ta yi salati. Ba ta zame ko'ina ba sai rumfar Tanimu.

"Malam Tanimu, in iska ta yi wa taya yawa, me ke faruwa?"

"Fashewa, Malama."

"To, haka jinin matarka ya hau. Ɗa ɗaya ne a cikin nan, ba biyu ba. In ka bar ta jijjiga ta kama ta, ba uwa ba ɗa."

Nan take Tanimu ya durƙusa cikin baƙin mai ya ce, "Malama, ki taimake ni! Wallahi in Allah ya sauke ta lafiya, in mace ce, sunanki za ta ci." Suwaiba ta ɗora Lantana a kan magani, ta kwashe kanwa da gishirin gidan, tana zuwa tana auna ta ko ana ruwa, har jinin ya sauka. Ta kuma ja musu kunne cewa a babban asibiti na ƙetaren rafi za a haihu.

Naƙuda ta tashi ran kasuwa, bayan an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kun dai san mai haihuwar fari da kunya. Tun safe Lantana ke cije leɓe tana tsintar shinkafa, wai ita ba abin da ke damunta, sai da faya ta fashe asiri ya tonu. Aka saka ta a amalanke aka nufi rafi, aka tarar ya cika ya batse, 'yan kasuwa sun yi cirko-cirko a bakin gaɓa. A cikinsu akwai Inna Rakiya, tsohuwar ungozoma da ta yanke cibiyar rabin garin, tana zaune da kwandon daddawarta. Kallo ɗaya ta yi wa Lantana ta ce, "Wannan ko gada ce a nan ba za ta kai ba. Mata, ku kawo zannuwa! Maza, ku ba mu wuri!"

Mata suka yi da'ira suka kare. Yarinya ta taho cibiya naɗe a wuya, Inna ta sa yatsa ta zare a hankali, amma jaririya ta faɗo shiru, ko motsi babu. Tanimu yana bayan wata tsamiya, da ya ji mata sun ɗauki salati sai ya kwarma ihu, "Inna Rakiya, ki cece ni! In mace ce sunanki ne, jama'a ku shaida!" Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta share wa yarinyar baki da hanci, ta kifa ta a hannu tana murza bayanta tana cewa, "Haba 'yar nan, mun bar kasuwa dominki, ki yi mana magana mana." Can sai yarinya ta tsanyara kuka. Inna ta sa aka karɓo sabuwar reza wurin wani ɗan koli ta yanke cibiya. Shi kuwa uban, yana jin kukan ya zube sumamme, ruwan da aka ɗebo don mai jego rabinsa a kansa ya ƙare.

Wankan jego kuma Gwaggo Habiba aka kira, ƙanwar uban Lantana, wata ƙatuwar mace mai dakau, mafaɗaciya ta bugawa a jarida. Tun kafin a yi suna jini ya ƙi tsayawa. Lantana tana ɓoye tsummokara a ƙarƙashin gado, 'yan barka kuma suna cewa ai dauɗa ce ke fita, a ƙara mata kunu. Gwaggo ba ta yarda ba. A wurin wanka ta ja fatar idon Lantana ta ga fari fat, kafin ta saki sai mai jego ta sulale a hannunta. Rafi bai gama janyewa ba, ruwa iya ƙirji, ba mota ba babur. Gwaggo ta sunkuci Lantana ta goya ta da zane biyu, ta saka jaririya a masaki ta ɗora wa Tanimu a ka, ta ce, "Ka kuskura ka sume mini a tsakiyar ruwa, ni zan ƙarasa ka."

Haka suka ƙetare. A asibiti aka tsayar da jinin, aka ce sai an yi ƙari. Na Tanimu bai dace ba, na Gwaggo ya dace. Ta miƙa dantse ta ce, "Ku ɗiba, dama yawa ya yi mini, shi ke sa ni faɗa." Tanimu yana kuka wiwi da majina ya kama ƙafarta ya ce, "Gwaggo, ba ni da abin biyanki sai suna. Yarinyar nan Habiba ce!"

Aka sallamo su suka dawo gida. Ran suna da safe, Malama Suwaiba ta shigo da gidan sauro da 'yan riguna, tana tambaya, "Ina takwarata?" Inna Rakiya, da ke zaune da tulun daddawa da ta kawo, ta ce, "Takwarar wa?" Gwaggo tana bakin murhu ta juyo da muciya a hannu. Kai, ranar Tanimu ya gane kurensa!

Suwaiba ta ce ba don ita ba da cikin bai kai ranar haihuwa ba. Inna ta ce, "Da aka durƙusa a bakin rafi kina ina?" Gwaggo ta ce wa Inna ita ai daddawa ta kai ta, katari aka yi. Inna ta ce, "Ke kuma 'yarki kika goya, wa zai gode miki don kin ceci naki?"

Tanimu ya ruga ƙofar gida wurin liman, ya ce ko a haɗa mata sunayen duka uku. Liman ya ce, "Rago ɗaya na gani a ɗaure, kuma yarinya ce, ba motar kasuwa ba da za a yi mata lodi." Ya komo ciki yana gumi ya ce su yi haƙuri, biyu su jira haihuwa ta gaba da ta gaba da ita. Lantana, wadda tun da aka haihu kunya ta hana ta ɗaga murya, ta amsa daga ɗaki, "Sai dai in kai za ka haifa!"

Rana ta ɗaga, maza sun gaji da zama a tabarma, mahauci ya wasa wuƙa har ya gaji, yarinya na ciki ba suna. Liman ya yafito Tanimu ya miƙa masa kunne. Bawan Allah ya san duk wadda ya ambata, ya ci amanar mata biyu da suka riƙe masa rai a hannu, kuma ransa bai taɓa ɓaci irin na wannan safiya ba. Ya sunkuya, ya buɗe baki.

To, jama'a, ga wadda ta riƙe cikin, ga wadda ta sa yarinya numfashi, ga wadda ta goyo uwa ta ba ta jininta. In ku ne Tanimu, sunan wa za ku raɗa wa liman?