Agwagwa da Wankan Toka

An yi wata Agwagwa mai ji da kanta, wadda kullum sai ta yi wanka a kududdufin bayan gida. Tsabta kam tana da ita, matsalarta baki. Maƙwabciyarta Kaza ce mai haƙuri, ita nata wankan a toka take yi. Ta tona rami, ta yi ta birgima, ta tashi ta kakkaɓe.

"Tir!" in ji Agwagwa. "Wai wannan ne wanka? Mutane na zubar da toka, ke kina shafawa!"

"Haka uwata ta koya mini," in ji Kaza.

"Ai kuwa ta cuce ki!"

Da rani ya yi, kududdufi ya ƙafe, daidai lokacin da Agwagwa ta kwanta kan ƙwai. Ƙuma suka cika mata fiffike. In ta sauka ƙwai su huce su lalace, in ta zauna su shanye mata jini.

Ta hango Kaza lafiya lau, ko susa ba ta yi. Girman kai ya hana ta tambaya. Sai ta lallaɓa murhu, ta faɗa cikin toka, alhali ba a daɗe da sauke tuwo ba.

"Wayyo ƙafata! Jama'a, na ƙone!"

Kaza ta sheƙo a guje. "Haba baiwar Allah! Tokar jiya ake nema, wadda ta huce!"

Ta ja ta zuwa raminta. "Kwanta. Buɗe fiffike, ki watsa har ƙarƙashi."

"To ƙwaina fa?" in ji Agwagwa cikin kuka.

"Yi wankanki, ni zan kwanta miki a kansu."

Haka suka yi ta yi kullum har ƙuma suka gudu, kuma ƙwai ko ɗaya bai lalace ba.

Ranar da aka ƙyanƙyashe, Agwagwa ta jero 'ya'yanta zuwa ƙofar Kaza, kanta fururu da toka, murna ta cika ta.

"Ku gaishe da innarku," ta ce. "Ba don ita ba, da ban gan ku ba. Yaya, na gode. Allah ya jiƙan uwar da ta koya miki."

Darasin wannan labari shi ne, kada ka raina yadda wani yake tsabtace jikinsa don ya bambanta da naka. In kuma ya taimake ka, ka je har ƙofarsa ka gode.