Agogon Jirgi da 'Ya'yan Shekarau

Ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa. In na gama, ku yi ta musunku.

A wani birni na bakin teku, can kudu, akwai zangon Hausawa tun zamanin fataucin goro. A zangon akwai wani tsoho, sunansa Shekarau. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya lanƙwashe. Da ƙarfi ya ƙare sai ya kafa teburin goro a bakin ƙofar tashar. 'Ya'yansa maza uku ne. Korau shi ne babba, mai baki, ya tsinci harsunan Turawa a wajen ma'aikatan jirgi. Jibo direba ne, da wata tsohuwar mota. Tanimu, autansu, ya auri 'yar masunta, ya bi surukansa teku, yana da kwalekwale mai inji.

Akwai manyan jirage masu ɗauko 'yan yawon buɗe ido. Jirgi ya iso da safe, kafin rana ta faɗi ya tashi. Yawancin fasinjoji sukan shiga motocin da jirgin ya tanadar musu, a zagaya da su kamar garke. Wasu kuma ba sa son cunkoso, sun fi son nasu ɗan jagora da tasu mota. Abincin Korau da Jibo ke nan. Korau yana da katin shiga tasha, shi ke ɗauko baƙo yana yi masa bayani, Jibo na tuƙi. Sai dai sana'ar tana da doka mai tsauri. Jirgi yakan jira motocinsa in sun makara. Wanda ya fita da jagoran waje kuwa, ba a jiransa. Shekarau ya sha ganin Bature tsaye a bakin ruwa da jaka a hannu, yana kallon bayan jirgi. Shi ya sa kullum in 'ya'yansa za su wuce ta gaban teburinsa, maganarsa ɗaya ce: su dawo da baƙo tun jirgi bai yi kuka ba.

Wata rana suka fito da baƙon da ba Bature ba. Baƙin dattijo ne, ya fi Shekarau tsufa, da sanda da hular Turawa. Ya tsaya gaban teburin ya yi sallama da Hausa. Ya ce sunansa Bagudu, a zangon nan aka haife shi, ya bi jirgin kaya yana saurayi bai sake dawowa ba. Ba ya son kasuwa, ba ya son tsohon gidan gwamna. Kabarin mahaifiyarsa yake nema. Ya kuma ce kada a ɗau lokaci, domin ya bar matarsa a ɗakinsu cikin jirgi. Ciwon mantuwa ya cinye ta, ba ta gane fuskar kowa sai tasa. In ta farka ba ta gan shi ba sai ta fita nemansa, ba ta san bambancin ƙofa da bakin ruwa ba. Ya ba ta maganin da ke sa ta barcin rana, ya lallaɓo.

Shekarau ya ba shi goro, ya ce da Korau ya tambaye shi lokacin tashin jirgi. Bagudu ya faɗa. Korau ya duba wayarsa, baƙon ya duba tasa, suka ga daidai suke. Suka shiga mota.

A hanya Jibo ya yi ta dariyar maganar tsohon.

"Baba, Hausar nan taka ta yi tsatsa."

"Ita da motarka," in ji Bagudu. "Amma tawa ba sai an tura ba."

Maƙabartar zango ta cika tun tuni, an binne sababbi a kan na da. Babu dutse, babu alama. Sun sha yawo kafin wani mai haƙar kabari ya nuna musu gindin wata bishiya, ya ce mutanen wancan zamani a nan suke. Bagudu ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Korau ya duba waya, ya ga da sauran lokaci, ya bar shi ya yi kukansa.

Abin da ba wanda ya tambaya shi ne, da wane agogo. Jirgin daga wata ƙasa ta gabas ya taso, bai juya agogonsa ba, ya riga na gari da sa'a guda. Wayar Bagudu kuwa tana taka ƙasa ta koma lokacin gari da kanta.

Shekarau yana zaune yana yayyafa wa goro ruwa sai ya ji jiniyar jirgi. Ya ɗaga kai. Motocin jirgi duk sun shige. Motar Jibo babu ita. Ya ajiye kwanon ruwan, ya miƙe, bai sake zama ba.

Su ma can maƙabarta sun ji. Bagudu bai tsaya sa takalmi ba. Suka kwaso a guje, suka tarar hanyar tasha ta toshe da tireloli, gaba ba hanya, baya ba hanya. Tsohon ya riƙe wuyan rigar Korau, yana cewa yanzu matarsa ta farka. Korau ya buga wa Tanimu waya ya ce ya kawo kwalekwale bakin masunta. Ya ce da Jibo ya kai tsohon can ko ta halin ƙaƙa. Shi kuma ya buɗe ƙofa ya zura da ƙafa.

To, ga abin da Jibo ya yi. Ya hau da mota kan layin dogo, ya bi shi har tayoyin gaba suka fashe, ya ci gaba a kan ƙarfe. Tsakaninsa da bakin masunta akwai shingen tsaro da masu bindiga, domin a shekarun nan 'yan fashin teku sun addabi gaɓar. Suka ɗaga masa hannu. Ya san in ya tsaya yin bayani an gama. Ya danna kan tsohon ƙasa da hannu ɗaya, ya bi ta kan shingen. Aka buɗe wuta. Harsashi ya shiga ta kafaɗarsa, bai saki sitiyari ba sai da motar ta nutse cikin yashi a bakin ruwa. Da bai yi haka ba, da Bagudu bai ga teku ba sai jirgi ya ɓace.

Ga abin da Korau ya yi. Ya wuce ta gaban teburin ubansa a guje, ko kallonsa bai yi ba. Ya nuna kati ya shiga, ya tarar an kwance igiyoyi, jirgi ya ja baya. Akwai wani ɗaki a saman bene inda ake magana da jirage ta rediyon oba-oba, ba a yarda ɗan jagora ya taka ko matakalarsa ba. Ya hau. Ya roƙi ma'aikacin da ke ciki, ma'aikacin ya ce doka doka ce. Korau ya ture shi waje, mutumin ya gangara a matakala ya karye a hannu. Ya kulle ƙofa, ya ɗauki oba-oba, ya yi wa kyaftin ɗin jirgin magana da harshen Turawa. Ya ce akwai mace marar lafiya da ke neman mijinta a cikin jirgin, mijin yana tafe ta ruwa. Dama duk jirgin da zai fita, wani ma'aikacin tasha kan hau ya raka shi har mashigin teku, sannan ya sauka ta tsanin igiya. Korau ya roƙa a bar tsanin a rataye, a rage gudu. Yana cikin magana aka ɓalle ƙofa da gindin bindiga. Da bai yi haka ba, da an naɗe tsani, jirgi ya ba ruwa wuta.

Ga abin da Tanimu ya yi. Yana gyaran koma waya ta same shi, bai ma san baƙon ba. Ya iso ya ga wansa kwance cikin jini a kan yashi. Jibo ya ce masa ya bar shi ya ɗauki tsohon. Ya ɗauke shi. Ranar teku ta yi fushi, masunta duk sun janye jiragensu. Kuma an hana kwalekwale kusantar babban jirgi, wanda ya kusanta a ɗauke shi ɗan fashi ne. Tanimu ya keta igiyar ruwa har gindin jirgin. Bagudu ya kama tsani ya kasa ɗaga ƙafa. Tanimu ya ɗaure shi a bayansa da igiyar koma, kamar goyo, ya hau da shi. Yana sama ya ji kwalekwalensa ya daku da jikin jirgi ya tarwatse. Ya miƙa tsohon, ya sauko, ruwa ya maka shi da ƙarfen jirgi, haƙarƙarinsa suka karye. Jirgin sintiri ne ya tsamo shi, da ankwa. Da bai yi haka ba, da gudun Jibo da roƙon Korau duk sun tashi a banza.

Ma'aikacin da ya raka jirgin shi ya kawo sauran labarin. Ya ce tun da saƙon Korau ya iso ake neman matar, ba ta ɗaki. An same ta ta tsallake ƙarfen kariya a bayan jirgi, ba takalmi, ta riƙe da hannu ɗaya tana leƙen ruwa. Duk wanda ya matso sai ta ƙara ja baya. Sai da mijin ya iso, yana ɗigar ruwa, ya kira sunanta. Ta waiwayo ta ce masa ya daɗe. Ta miƙo hannu.

Jirgi ya tafi. Ba a sake jin ɗuriyar Bagudu ba. Cikin su ukun ma sunan Korau kaɗai ya sani.

Aka zuba su ɗaki ɗaya a ofishin tsaron tasha. Laifin kowanne na shekaru ne masu yawa. Shekarau ya rufe teburinsa, ya yi ta zarya, shi da sarkin zango, har kwamandan wurin ya yarda ya gan shi. Kwamandan bai ba shi kujera ba.

"Tsoho, kyaftin ya aiko da roƙo, na ji. Amma an karya mini shinge, an karya mini ma'aikaci, an taɓa jirgi. In na saki uku, ni za a saka a ɗakin. Ɗaya zan ba ka. Biyu su tafi kotu."

"Ranka ya daɗe, duka ni na haife su."

"Shi ya sa na bar maka zaɓin. Ka dawo bayan sallar Juma'a da suna ɗaya. In ka zo ba suna, duka ukun su tafi."

Aka bar shi ya leƙa su ta tagar ƙarfe. Jibo yana jingine da bango, kafaɗar ta kumbura ta fara wari, ba a kawo likita ba. Korau idonsa ɗaya ya rufe, domin masu gadin abokan wanda ya karye ne, kowane canjin aiki sai sun shigo kansa. Tanimu yana kwance a gefe guda, numfashi da ƙyar.

Shekarau ya faɗa musu abin da aka ce. Jibo ne ya fara magana.

"Baba, ka fitar da Malam Turanci. Shi ya iya bakinsu, ya je ya nemo mana lauya. Ni in na fita me zan tuƙa?"

"Rufe mana baki," in ji Korau. "Hannun nan in bai ga asibiti ba a makon nan, ba hannun kaɗai za ka rasa ba."

Tanimu bai ce a fitar da kowa ba. Ya tambayi ubansa ko yaransa sun ci abinci. 'Ya'yansa biyar ne, surukansa kuma sun ce tunda ya salwantar da inji a kan baƙon da ba nasu ba, ba ruwansu.

Shekarau ya tsaya riƙe da ƙarfen tagar har mai gadi ya taɓa kafaɗarsa. Ya koma zango a ƙafa. Kowa ya tare shi da tasa shawarar. Matar Jibo ta ce mijinta ne ya tari harsashi. Sarkin zango ya ce ba don Korau ba da jirgi bai tsaya ba, kuma shi kaɗai zai iya yi wa sauran amfani a waje. Wasu masunta suka ce Tanimu ba sana'arsa ba ce, ba baƙonsa ba ne, kiran ɗan'uwa kawai ya amsa, ya goyi mutum a kan mutuwa. Tsohon ya saurari kowa, ya shige gida.

Juma'a ta zo. Aka idar da salla. Ya ɗauki sandarsa ya nufi tasha, ya wuce teburinsa a rufe, ya tsaya a ƙofar kwamandan. Aka ce ya shigo.

Nan na tsaya. Ku da kuke zaune, ku sa kanku a ƙafar Shekarau. Jibo da ya karya shinge, Korau da ya tsayar da jirgi, Tanimu da ya hau tsani: sunan wa ya fi cancanta ya fito daga bakinsa?